Dutsen Zagami da Darasin Ƙaramar Sakandare

Laccar da aka gabatar ga malamai da iyayen yara a Tsaskiya

Ranka ya daɗe Maigari. Allah ya gafarta Malam Liman. Shugaban makaranta, malamai 'yan'uwana, iyayena maza da iyayena mata da ke can baya, da ku 'yan makaranta da kuka cika taga, sannunku da zuwa.

An nemi in yi magana a kan darasin duwatsu da ma'adinai, da rana da duniyoyin da ke kewaya ta, yadda ake koyar da shi a ƙaramar sakandare. Yadda ake koyar da shi kuwa duk mun sani. Malami ya rubuta kashe-kashen dutse guda uku a allo da Turanci, ya jera sunayen duniyoyi, yara su yi ta maimaitawa har su hardace. Ranar jarrabawa yaro ya juye su a takarda, a ba shi maki. An tashi, ya fito ya hau falalen dutse yana cin dafaffen rogo da ƙuli, bai san abin da ya zauna a kai shi ne na farko cikin ukun da ya rubuta ɗazu ba. Da magariba ya ga Zara ta fito fes a yamma, bai san ita ce ta biyu a jerin da ya hardace ba.

Ba na ɗora wa malamai laifi, mu ma haka aka koya mana. Amma a ganina babu darasin kimiyyar da ya kai wannan arha a ƙasar Yarima da ƙasar Sarkin Ruma. Ba ya neman ɗakin gwaji, ba ya neman lantarki. Abin da nake so yaro ya fita da shi daga aji shi ne ɗabi'ar tambaya ɗaya: ta yaya aka sani? Ku ma duk abin da na faɗa yau, in na kasa amsa wannan tambayar a kansa, kada ku karɓa.

Malam, karɓi wannan ka miƙa baya ya zagaya. Ɓallin dutse ne irin wanda masu fasa dutse ke tarawa a bakin hanyar Dutsin-Ma. Wanda ya zo hannunsa ya ɗan jiƙa shi ya juya shi wajen haske. Daga nesa launi ɗaya ne, amma a kusa za ku ga ƙwayoyi iri uku sun sarƙe da juna, babu siminti a tsakaninsu. Akwai mai ruwan toka mai ɗaukar ido, ita ce ƙanƙarar da kakanninmu ke bugawa da ƙyastu su sami wuta. Akwai fara ko ja-ja mai fuska a miƙe, littafi na kiran ta felsfa. Akwai kuma baƙa mai walƙiya, wadda in ka sa tsinin allura za ta ɓare falle-falle, ita ce maika. Kowace ɗaya cikin ukun ma'adini ce. Haɗuwarsu ita ce dutse. Yaron da ya ga wannan da idonsa ya gama da bambancin dutse da ma'adini, ba sai an ba shi ma'anar da zai hardace ba.

Wannan dutse da can narkakke ne, sannan ya daskare. Ta yaya aka san a ina ya daskare? Girman ƙwayoyin ne shaida. A jiƙa gishiri har ruwa ya ƙi karɓa, a raba biyu. Rabi a ɗora a wuta ya ƙafe nan take, rabi a ajiye a inuwa mako guda. Na wuta zai bar gari. Na inuwa zai bar ƙwayoyi masu kusurwa huɗu da yaro zai iya ɗauka da yatsa. Ƙwaya ba ta girma sai ta sami lokaci. To, dutsen da ke hannunku ƙwayoyinsa manya ne, ke nan a hankali ya huce, cikin dubban shekaru, a can ƙarƙashin ƙasa, da nisan kilomitoci tsakaninsa da iska. Dutsen da Dutsin-Ma ta ci sunansa, da duwatsun ƙasar Ruma, duk a binne suka samu. Ba su ne suka tsiro ba. Ruwa da iska ne suka kwashe abin da ya rufe su, suka bar su tsaye saboda taurinsu.

Shekarunsu kimanin miliyan 600. Na ga wani dattijo ya gyara zama, kuma da gaskiyarsa, don ba wanda ya halarta. Ga yadda ake aunawa. A cikin irin wannan dutse akwai wasu 'yan ƙwayoyi da ake kira zarkon. Lokacin da suke daskarewa sukan riƙe yuraniyam, irin wanda ake haƙowa a Arlit ta Nijar, amma ba sa karɓar dalma. Shi kuwa yuraniyam da kansa yake rikiɗa ya koma dalma, a bisa wani ƙayyadadden sauri da aka auna, wanda zafi ko sanyi ba sa canza shi. Saboda haka duk dalmar da aka tarar a cikin ƙwayar, bayan daskarewa ta samu. A auna yuraniyam nawa ya rage, dalma nawa ta taru, lissafi ya ba da shekaru. Da wannan hanya aka sami wasu duwatsu a Kaduna da suka haura shekara miliyan 3,000. Duniyar ita kanta tana da kimanin miliyan 4,500. Ku riƙe wannan adadin, zai yi mana aiki nan gaba.

Dutse ma yana ruɓewa. Ruwan damina na shiga tsaguwa yana cin felsfa a hankali har ta zama laka. Inda ruɓewar ta yi kyau, babu gauraye, sai a sami farar ƙasa irin ta Ƙanƙara, wadda manyan motoci ke kwasa zuwa masana'antun fenti da tangaran da magani. Ƙanƙarar dutse ita ruwa ba ya iya cin ta, sai dai ta wargaje ta zama yashi, irin wanda kogunan Karaduwa da Bunsuru ke turawa har Rima. Ƙarfen da ke cikin baƙaƙen ƙwayoyin kuma shi ke tsatsa ya rina ƙasa ja, ya taru ya zama marmara, kuma a cikin irinta maƙeran da suke tsintar tama. Dutsen Dala na Kano marmara ce a kansa, kuma an sami shaidar narka tama a gindinsa tun wajen ƙarni na 7. Fentin bango da yashin gini da bakin garma, ashe duk daga wuri ɗaya suka fito.

Har rijiyar burtsatse tana cikin darasin. A ƙasa irin tamu ruwa ba ya kwance ko'ina a ƙarƙashi. Yana zama ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama, da cikin tsagogin lafiyayyen da ke ƙasa. Shi ya sa za a haƙa nan a sami ruwa, a matsa taku hamsin a haƙa, a tashi da ƙura da bashi. Garin da ke da yaro ɗaya da ya fahimci wannan zai nemi a auna ƙasa kafin a kira mota.

Wancan shi ne kashi na farko, dutsen narke. Na biyu, dutsen shimfiɗa, wato yashi da laka da suka kwanta hawa-hawa suka taurara, ba mu da shi sosai a nan, sai an yi arewa wajen iyakar Nijar, ko an nufi Sakkwato. A Kalambaina, inda ake yin siminti, dutsen cike yake da ɓawon halittun teku. A Dukamaje da tsaunukan Goronyo an tono ƙasusuwan wata babbar dabbar teku, har masana suka raɗa mata suna daga Goronyo. Tsakanin shekara miliyan 70 da miliyan 55 da suka wuce, teku ya yi ta shigowa ƙasar Sakkwato yana janyewa. Malami ya roƙi direban da ke zuwa ɗauko siminti ya taho masa da ɓalli biyu, ya fi zane goma a allo. Na uku, dutsen rikiɗa, shi ne wanda zafi da matsi suka sauya ba tare da ya narke ba. Kun san shi: falalen nan mai zane-zane fari da baƙi, a lanƙwashe, wanda ake shanya a kai. Wani irinsa mai ɓarewa falle-falle ya yi ɗamara daga Birnin Gwari zuwa Maru da Anka, kuma a cikin jijiyoyin farar ƙanƙara da suka ratsa shi zinariya take.

Tunda na ambaci zinariya, bari in daɗe a nan kaɗan, don nan ne darasin ke shafar rai.

Gane ma'adini ba ya bukatar na'ura. Farce, ƙusa, fasasshen kwalba, bayan tangaran, maganaɗisun tsohuwar rediyo, da lemon tsami: kayan aikin ke nan. Farar ƙasa farce ma yana kankare ta. Felsfa ta fi ƙarfin ƙusa. Ƙanƙara tana zana kwalba. A matsa lemon tsami a kan kanwa, ko a kan garin dutsen Kalambaina, za a ga kumfa; iyayenmu mata sun riga mu sanin wannan a wajen kanwa da tsamiya. Abin da ke ƙyalli a yashin rafi bayan ruwan sama, wanda yara ke kawowa da murna, galibi maika ce. Danna ta da farce za ta ɓare, zuba ta a ruwa za ta yi yawo. Akwai wani mai ruwan ɗorawa da ya fi ta yaudara, amma in ka goga shi a bayan tangaran baƙin zane yake bari, in ka doke shi ya farfashe. Zinariya zanenta rawaya ne, tana da nauyi, in aka doke ta faɗi take yi. Gwajin minti biyu ne, amma rashin saninsa ya sa mutane sun sayar da shanu.

Wannan asarar dukiya ce. A 2010, a ƙetaren dajin nan na yamma da mu, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, yara suka fara suma suna mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega. Likitocin Na-Gari-Na-Kowa da suka shiga sun fara zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Ashe dalma ce. Dutsen zinariyar da ake haƙowa yana tare da dalma mai yawa, ana kawo shi cikin gida a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta zauna a ƙasa inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka rayu da dalma a jini, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwa taɓawar da ba ta gyaruwa. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Dutsen dalma ba ya ɓuya ga wanda aka nuna wa shi sau ɗaya: nauyi gare shi fiye da girmansa, yana ƙyalli ruwan toka, yana fashewa da kusurwa huɗu. Iyayena mata, ku gafarce ni, da yawa daga tozalin dutse da ake sayarwa a kasuwa shi ne wannan ma'adinin, kuma idon jariri ba wurinsa ba ne. Yaranmu da yawa za su je wuraren haƙo, ko mun so ko mun ƙi, don can kuɗi yake. Gara su je da sanin abin da suke niƙawa, da sanin cewa ba a shigo da shi gida, ba a kuma shigo da tufafin aikin ɗaki.

A littafi, babin duwatsu daban, babin sararin sama daban. A jiharmu kuwa wani abu ya faru da ya haɗa su.

Ranar Laraba 3 ga Oktoba 1962, kwana biyu bayan bikin cikar Nijeriya shekara biyu da samun 'yanci, wani manomi a Zagami, cikin ƙasar Faskari, kudu da mu, yana gonarsa yana korar tsuntsaye. Sai ya ji wata irin ƙara, iska ta buge shi, wani abu ya doki ƙasa kamar taku uku ko huɗu daga inda yake. Da ƙura ta lafa ya matsa, ya tarar da rami mai zurfin kusan kamu guda da wani abu, da baƙin dutse a ciki mai nauyin kilo 18. Aka kai dutsen ofishin binciken ƙasa da ma'adinai na Kaduna, aka ajiye.

Faɗowar dutse daga sama ba sabon abu ba ne. An yi a Kabo ta Kano a 1971, an yi a Mayo Belwa a 1974, an yi a Gujba a 1984. Galibinsu ɓaraguzai ne da ke yawo tsakanin Mars da Mushtari, ragowar kayan da aka gina duniyoyi da su, kuma in an auna su kusan dukkansu shekara miliyan 4,500 suke bayarwa. Na Zagami ya ƙi bin sahu. Da aka yanka shi, a ƙarƙashin baƙin ɓawon da iska ta ƙona, sai aka ga dutsen narke ne mai ƙananan ƙwayoyi, wato ya huce da sauri kusa da sarari, irin duwatsun aman wuta na Biu. Da aka auna shekarunsa, sai ya ba da kimanin miliyan 180 kacal. Ƙananan ɓaraguzai tun farkon zamani suka huce, ba su da wutar da za su narka dutse a wannan lokacin. Ke nan daga babbar duniya ya fito, mai sauran zafi a cikinta. Amma wace?

Amsar ta ɗauki shekaru. A 1976 Amurka ta sauke na'urori biyu masu suna Viking a kan Mars, jar duniyar nan da malamanmu ke kira Mirrihu. Suka auna iskar wurin, suka aiko da adadin kowane sinadari da ke cikinta. A 1983 aka sami iska a kulle cikin wani dutse ɗan'uwan na Zagami da aka tsinto a ƙanƙarar kudancin duniya, aka auna, ta yi daidai da abin da Viking ta aiko. A 1995 aka fasa 'yan ƙananan aljihun gilashi da ke cikin na Zagami shi kansa, aka sami wannan iskar dai. Ba ta yi kama da iskar duniyarmu ba, ba ta yi kama da ta ko'ina da aka auna ba sai ta Mars. Yadda ya baro can kuwa, wani ƙaton dutse ne ya faɗa wa Mars da ƙarfin da ya watsa gutsattsarinta da gudun da ya wuce kilomita 5 a daƙiƙa, suka kuɓuce mata. Bugun nan ne ya mai da felsfar cikinsa gilashi, ya kulle iskar a ciki. Ya yi kusan shekara miliyan 3 yana kewaya rana kafin hanyarsa ta haɗu da gonar Zagami.

Ku duba tsarin hujjar. Girman ƙwaya, wanda muka gwada da gishiri. Shekaru, waɗanda muka ga yadda ake aunawa. Sai iska. Ɗan aji biyu zai iya bin wannan daki-daki, ya kuma gane dalilin da ya sa hujja ɗaya ba ta isa ba.

Shekara da shekaru dutsen Zagami shi ne gutsuren Mars mafi girma da ke hannun ɗan'adam. A 1988 wani dillalin duwatsun sama daga Amurka, Robert Haag, ya sami babban kaso daga cikinsa ta hanyar musaya, aka yayyanka, yau gutsattsarinsa na gidajen tarihi da jami'o'in duniya, ana kuma sayar da shi giram-giram. A Nuwamba 1996 aka harba kumbon Mars Global Surveyor da ɗan ƙaramin ɓallinsa liƙe a jikinsa, ya isa Mars a 1997. Kumbon ya daina magana a 2006, amma ɓallin yana tare da shi. Gobe ku tambayi ajinku wa ya taɓa jin sunan Zagami. Ɗalibin ilmin duwatsu a Jamus ko Japan ya san sunan, ɗan Safana da zai iya zuwa garin ya dawo a wuni ɗaya bai sani ba. Wannan yana ci mini rai.

Maƙwabtanmu ma sun ɗanɗana. A Nuwamba 2023 an tsinci wani gutsuren Mars mai kusan kilo 25 a jihar Agadas. A Yuli 2025 aka yi gwanjonsa a birnin New York a kan dala miliyan 5 da ɗoriya, gwamnatin Nijar ta buɗe bincike a kan yadda ya fita ƙasar. Na san jin wannan kuɗi zai sa wasu fara duban kowane baƙin dutse. A yi hattara. Mai ramuka-ramuka da ake tsinta a kufai kashin maƙera ne, ragowar narka tama. Wanda muke kira gatarin aradu kuwa gatari ne na gaske, mutanen da suka riga mu zama a nan ne suka wasa shi kafin a san ƙarfe. Shi ma abin ajiyewa ne a makaranta, amma ba daga sama ya zo ba.

Shi saman, mutanen Katsina ba baƙinsa ba ne. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, da lissafi da ilmin taurari ya yi suna. Har gobe akwai malaman da ke ƙirga taurari 28 na shekara, kowane da kwana 13, manomi ya zo ya tambaya ko Zira'a ta shiga, ko Ɗarfa ta fita. Ina ba malamin kimiyya shawara ya gayyato irin wannan malami aji. Abin da yake ƙirgawa shi ne abin da littafi ke kira kewayen duniya ga rana: kowane wata muna fuskantar wani sashe na sama da dare, shi ya sa Kaza da 'Ya'yanta ke ɓacewa su dawo a lokaci ɗaya duk shekara. Zara ta magariba da Gamzaki na asuba kuma abu ɗaya ne. Duniya ce da ta fi mu kusa da rana, shi ya sa ba ta nisa da ita, wani lokaci ta biyo bayanta, wani lokaci ta riga ta fitowa. Shaida mai sauƙi: ba a ganin su biyun a dare ɗaya suna haske tare, kuma ba a taɓa ganin ɗayansu a tsakiyar sama da tsakar dare.

Zanen da ke cikin littafi, mai rana da duniyoyi a jere kusa da juna, ƙarya yake yi, don takarda ba ta isa ba. A fita fili. A ajiye ƙwallon ƙafa, ita ce rana. A ba yaro ƙwayar gero ɗaya ya yi mita 24, wannan ita ce duniyarmu, da Makka da Amurka da teku duk a kanta. Wata yana nesa da ƙwayar da faɗin yatsu uku. Mars, rabin ƙwayar gero, tana mita 36. Mushtari ɗan kanya ne a mita 120. Zuhalu na mita 225. Ta takwas, ta ƙarshe, ƙwayar wake ce a mita 700, sai an yi wa mai riƙe da ita ihu. Tauraro mafi kusa da rana kuwa wata ƙwallon ce a nisan da ya wuce kilomita 6,000, alhali daga nan zuwa Makka bai kai 4,000 ba. Ainihin tazararmu da rana kilomita miliyan 150 ce, haskenta na yin minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya iso. Wanda littafinsa ya ce duniyoyi tara ne, tsohon bugu ne: tun Agusta 2006 masana suka fitar da Fuluto daga jerin, bayan an gano tana da 'yan'uwa da yawa masu irin girmanta a can baya.

A shekarar nan ta 2006 ne kuma sama ta yi mana darasi a nan gida. Manya ba sa bukatar in ba su labari. Ranar Laraba 29 ga Maris, da hantsi, wajen ƙarfe goma da rabi, rana ta kamu gaba ɗaya, gari ya yi duhu, kaji suka nufi akurki, aka cika masallatai ana sallar husufi. Yaran da ke ƙaramar sakandare yau ba a haife su ba, saboda haka aikin gida na farko shi ne kowa ya je ya tambayi mahaifiyarsa ko kakansa inda yake a ranar da abin da ya gani. Sannan a yi bayani. Inuwar wata ce, faɗinta bai kai kilomita 200 ba. Ta taso daga Barazil, ta ƙetare teku, ta bi Gana da Togo da Binin, ta shigo ta Shaki, ta bi Gusau da nan da Katsina da Maraɗi, ta wuce Libiya da Turkiyya. Kano tana gefe, duhunta bai cika ba. Rana ta fi wata faɗi sau 400, ta kuma fi shi nisa kusan sau 400, shi ya sa yake iya rufe ta cif. Husufin rana ba ya zuwa sai a ƙarshen wata, na wata kuma sai daren sha huɗu ko sha biyar, kuma ba kowane wata ba, don hanyar wata ta ɗan karkace daga hanyar rana. Malam Liman ya fi ni sanin cewa ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, rana ta kamu, kuma shi da kansa ya hana a danganta abin da mutuwar kowa. Babbar hujjar lissafin nan ita ce an faɗi ranar da mintin tun kafin shekaru, kuma bai saɓa ba. Ga na gaba ku rubuta ku gwada mu: 2 ga Agusta 2027 rana za ta kamu gaba ɗaya a Makka da Jidda, mu nan za mu ga sashe. Ranar 20 ga Maris 2034 kuma inuwar za ta ratsa kudancin Nijeriya. Kada yaro ya kalli rana kai tsaye, ko ta gilashin da aka shafa wa hayaƙi, ko a cikin kwanon ruwa. A ɗaga rariya a bar haske ya faɗa ƙasa, kowace huda za ta zana siffar ranar.

Na san halin rashin tsaro da muke ciki. Ba zan ce a kwashi yara a kai su bakin dajin Rugu neman duwatsu ba, ba zan ce a tara su a fili da dare ba. Ba a ma bukata. Kowane yaro ya kawo dutse ɗaya daga gonarsu ko bayan gidansu, a liƙa masa takarda da sunan wurin da ranar, a zuba a kwali. Zangon karatu ɗaya ya isa makaranta ta mallaki abin da babu shi a littafi. Na sama kuma, daga ranar da Sarkin Musulmi ya ba da sanarwar ganin wata, kowane yaro ya tsaya wuri ɗaya a tsakar gidansu bayan sallar magariba ya zana siffar watan da inda yake, dare sha huɗu a jere. Da kansa zai ga yana matsawa gabas kullum. A yi bayanin da Hausa har ya zauna, sannan a ba da sunan Turanci don jarrabawa, tunda da Turanci za a tambaye su.

In kuma Allah ya sa wata rana aka ji ƙara aka ga dutse ya faɗo, a rubuta rana da lokaci da wuri da sunan wanda ya gani. Kada a wanke shi, kada a fasa, kada a jiƙa a sha. A ɗauki hotonsa a cikin raminsa, a sa shi a leda mai tsabta, a sanar da Maigari, a nemi sashen ilmin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ko hukumar binciken ƙasa, kuma duk wanda zai karɓe shi ya ba da takarda da sa hannu.

Malam Shugaba, na ga ɓallin dutsen bai dawo ba, yana wajen 'yan taga. A bar musu. Sauran lokacin na tambayoyi ne.